Wanda Ya Yi Niyyar Zama Ba Ya Ƙasaru



Yabo da godiya na Allah ne, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa kuma Ya warwatsa arzikin bayinSa a cikinta, wani rabonsa yana bakin ƙofarsa, wani kuwa sai ya ƙetare hamada ko teku kafin ya riske shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, waɗanda suka yi hijira da waɗanda suka tarbe su.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai tambayar da ta yawaita a zaurukan malamai a wannan zamani, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Yaro ya tafi bida da takardar aiki ta shekara biyu ko uku, ya yi sallama da gida a kan in ya sami abin gina ɗaki da ɗan jari zai dawo. Shekaru sun shuɗe, sai ga saƙo ya iso cewa yana neman takardar zaman dindindin, ko ma ya same ta. Nan gida ke rabuwa biyu. Wasu su yi ta murna da rabon goro kamar an sauke Alƙur'ani, wasu kuma su ce yaro ya ɓata, ya sayar da asalinsa. Uba ya zo wurin malami yana tambaya: wannan abin halal ne ko haram?

Kafin a yi hukunci sai a san abin da ake magana a kansa. Takardar aiki izini ne mai wa'adi, kuma a mafi yawan ƙasashe a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aikin. A Saudiyya ita ce iƙama, wadda mutanenmu ke kira igama. Ana sabunta ta lokaci bayan lokaci, kuma sunan kafili na jikinta. A shekarar 2021 hukumar ƙasar ta sassauta wa ma'aikata sauya wurin aiki da fita ƙasa, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne mutanenmu da dama suke. Yawan shekaru a can ba ya mayar da igama ta zama ta dindindin, haihuwa a can kuma ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Zaman dindindin da suka buɗe ƙofarsa a 2019 kuɗinsa riyal 800,000 ne, abin da ya haura miliyan 100 na sefa, wato ba don mai aikin ƙarfi aka yi shi ba. A Faransa kuwa, tun 1984 suke da katin zama na shekara 10 wanda ake sabuntawa, mutum yana kaiwa gare shi bayan ya yi wasu shekaru yana zaune bisa ƙa'ida. A Amurka mai takardar aikin ƙwararru yakan yi shekara uku, a ƙara masa uku, in mai aikinsa ya tsaya masa sai ya nemi koren katinsu na zama.

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin takarda mai wa'adi ya san dalilin da ya sa mutum ke ɗokin fita daga cikinta. Ba ka iya ɗaga murya in an riƙe maka albashi, domin wanda ya riƙe shi ne zai sa hannu a sabunta maka zamanka. Ciwo in ya kwantar da kai, tsoron kora ya fi ciwon damunka. Iyayenmu sun ɗanɗana irin wannan: a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fita, a watan Janairu na 1983 Najeriya ta yi irin haka, mutanen da suka tsufa a can suka wayi gari a bayan motocin kaya da tabarma da buta. Saboda haka wanda ya nemi takardar da za ta tsare masa mutuncinsa da dukiyarsa bai yi abin zargi ba. Neman aminci buƙata ce da shari'a ta yarda da ita. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke hawa kan mutum ranar da ya nemi wannan takarda, domin nan ne muke sakaci.

Malamanmu na fiƙihu sun riga hukumomin shige da fice rarrabe baƙi. A babin salla sun kasa mutum uku. Na farko matafiyi, wanda ya nufi tafiyar buridi huɗu, kimanin kilomita 80. Shi yana ƙasaru, ya mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, yana iya ajiye azumi ya rama, Juma'a ba ta wajaba a kansa ba. Na biyu mazauni, wanda ya sauka wani gari da niyyar kwana huɗu cikakku, ko abin da zai sallaci salloli 20 a cikinsa, kamar yadda kowane ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya sani. Da zarar ya ƙulla wannan niyya ƙasaru ta yanke, zai cika salla, zai yi azumi, zai halarci Juma'a. Na uku shi ne wanda ya mayar da garin mazauninsa na har abada, ba ya da niyyar tashi, wanda malamai ke kira mustauɗini. Bambancinsa da na biyu yana bayyana ranar Juma'a. A mazhabar Imam Malik Juma'a ba ta ƙulluwa sai da mutum 12 ban da liman, waɗanda za su kasance tun daga huɗuba har a sallame, kuma lalle su kasance ƴan garin ne masu zaman dindindin. Mazauni na ɗan lokaci Juma'a ta wajaba a kansa, amma ba a lissafa shi cikin sha biyun nan. Ko da fatake ɗari suka sauka ƙauye suka yi wata guda, ba a tsayar da Juma'a da su kaɗai.

Ku duba hikimar da ke ciki. Shari'a tana sauƙaƙa wa mutum gwargwadon yadda ƙafarsa ba ta kafu ba, tana kuma ɗora masa nauyi gwargwadon yadda ya kafu. Matafiyi an rage masa, domin ba shi da gida a wurin. Ɗan gari kuwa da shi ake gina jama'a, shi ake ƙirgawa, in ya ƙi fitowa Juma'ar gari na iya faɗuwa. Abin da ke ɗauke mutum daga wannan mataki zuwa wancan kuma niyya ce. Yawan kwanaki kaɗai ba ya yi. An ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi kwana 20 a Tabuka yana ƙasaru, an kuma ruwaito Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya yi wata shida a Azarbaijan yana ƙasaru, ƙanƙara ta tare musu hanya. Dalili kuwa ba su ƙulla niyyar zama ba, kullum suna jiran abin da zai sake su su tafi. Wanda ya ƙulla niyyar kwana huɗu kuwa tun daren farko yake cika salla.

Ba ina cewa takardar hukuma ita ke yanke hukuncin sallar mutum ba. Mai takardar aikin shekara biyu tuni ya zama mazauni, cika salla yake yi. Abin da nake nufi shi ne mu ɗauki wannan ma'auni mu auna sauran rayuwarmu da shi. Mutumin da ya je ofishin hukuma ya cika takardu, ya kawo shaidar gida da ta albashi, ya sa hannu cewa yana so ya zauna a ƙasar ba tare da wa'adi ba, wannan ya bayyana niyyarsa a rubuce a gaban mutane. Bai kamata ya fito daga ofishin ya ci gaba da rayuwa da uzurin matafiyi ba.

Amma haka da yawa daga cikinmu ke yi. Za ka iske mutum ya shekara 20 a wata ƙasa, kowace shekara maganarsa ɗaya: bana in Allah Ya so zan koma. Da wannan magana yake kare kansa ta fuska biyu. In jama'ar da yake cikinta sun ce a haɗa kuɗi a sayi filin masallaci, ko a ɗauko malamin da zai karantar da yara, ko a nemi wuri a maƙabarta, sai ya ce shi baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. In mutanen gida sun ce ya zo ya ga mahaifiyarsa, ko ya yanke shawara a kan matarsa, sai ya ce a ƙara haƙuri, saura kaɗan. Can bai ɗauki nauyin ɗan gari ba, nan bai sauke nauyin mai gida ba. Yana kamanta kansa da ɗan Umar a Azarbaijan, alhali ɗan Umar ƙanƙara ce ta tsare shi, ranar da ta narke ya ɗaura sirdi. Shi kuwa wannan hanya a buɗe take, jirgi na tashi kullum, kuma zuciyarsa ta san ba tafiya zai yi ba. Mai yin ƙasaru bayan ya ƙudurta zama a ransa sallarsa ba ta inganta ba, ko da bakinsa na cewa gobe zai tashi, domin Allah ba Ya ruɗuwa da abin da harshe ke faɗa.

Kakanninmu fataken goro sun fi mu gaskiya a wannan babi. Kalmar zango asalinta wurin da ayari ke sauka ya kwana ya wuce. Da suka ga zaman Salaga da Kumasi da Ankara ya zama na dindindin, ba su ci gaba da kwana cikin bukka suna cewa gobe za mu tashi ba. Sun gina masallatai, sun naɗa limamai da sarakunan zango, sun buɗe makarantun allo da na ilimi, har aka sami malamai irin su Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano, wanda ya rayu ya karantar a can har ya rasu a 1934. Sunan zango ya tsaya, amma zaman na ƴan gari ne. Shi ya sa jikokinsu har yau suke salla, suke jin Hausa.

Kafin su akwai sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta biyar bayan aiko Manzo (S.A.W.). Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib (R.A.) da wasunsu ba su iso Madina ba sai shekara ta bakwai bayan hijira, lokacin buɗe Khaibara. Duk tsawon wannan zama a ƙarƙashin Najjashi ba a ji sun ci amanar ƙasar da ta ba su mafaka ba. Ummu Salama (R.A.) ta ba da labarin cewa da wani ya taso yana jayayya da Najjashi a kan mulki, baƙin ciki ya kama su, suka yi ta roƙa masa nasara, Zubairu ɗan Awwam ya hura salka ya ƙetare kogi a kanta don ya gano musu yadda yaƙin ya ƙare. Damuwar ƙasar ta zama damuwarsu. Wanda ya karɓi takardar zama ya riƙa tuna wannan: maƙwabcinsa na can, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, yana da haƙƙin maƙwabtaka a kansa, harajin da ya amince zai biya kuma alkawari ne.

Na san mai karatu zai ce: to, zaman dindindin a ƙasar da ba ta Musulmi ba fa? Haƙiƙa malaman mazhabarmu sun tsananta a nan. Alwansharisi ya hana Musulmin Andalus zama bayan ƙasarsu ta faɗa hannun Kiristoci, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya wallafa littafi a kan wajabcin hijira a 1806. Wasu malamai sun sauƙaƙa ga wanda yake iya bayyana addininsa ba tare da an fitine shi ba. Abin da na fahimta, Allah ne Mafi sani, shi ne wannan sharaɗi na bayyana addini nauyinsa ya bambanta tsakanin mai takardar aiki da mai neman zama. Mai takardar aiki kansa kaɗai zai duba: yana samun salla a kan lokaci, yana cin halal? Mai neman zaman dindindin kuwa sai ya duba ɗan da bai haifa ba tukuna, wanda zai tashi da harshen ƙasar, ya yi lakwal ɗinsu, ya yi abokai cikinsu, Maraɗi ta zama masa sunan wani gari da babansa ke yawan ambata. In akwai jama'a a wurin, da masallaci, da makarantar da yaro zai koyi Fatiha da alwala da girmama na gaba, ko kuma kai da ƴan'uwanka kuna da ƙudurin kafa su, to akwai fuska. In babu, kuma ba ka da niyyar wahala a kai, ka sani ba kanka kaɗai ka yanke wa shawara ba.

Sai kuma hanyar da ake bi a sami takardar. A nan Shaiɗan ya sami kasuwa, har ya koya wa wasu cewa ƙarya ga hukumar da ba ta Musulmi ba ba ƙarya ba ce. Wani ya ɗaura auren takarda da macen da bai taɓa nufin zama da ita ba, ya biya ta, alhali an gaya mana aure na cikin abubuwan da wasansu gaske ne. Wani ya rubuta ɗan wansa a matsayin ɗansa, alhali Suratul Ahzab ta umarce mu da jingina kowa ga ubansa, kuma gobe wannan rubutu zai rikita gado da muharramaka. Wani ya shiga da bizar Umra da niyyar ɓacewa cikin gari. Wani ya rantse a gaban alƙali cewa ana farautar ransa a gida, alhali ba mai nemansa sai masu binsa bashi. Ku tuna Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa (R.A.). Ƙuraishawa sun kama su a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi na da ƙarancin mutane, duk da haka Manzon Allah (S.A.W.) ya ce su koma, a cika wa mushirikai alkawarinsu a nemi taimakon Allah a kansu. In an cika alkawari ga wanda ya fito da takobi, ina ga wanda ya buɗe maka ƙofa ya ba ka aiki? Gidan da za ka zauna har mutuwa, ka haifi ƴaƴa a ciki, ba a aza tubalinsa a kan rantsuwar zur.

Mafi nauyin haƙƙi a wannan al'amari, kuma wanda aka fi yin shiru a kansa, shi ne na matar da aka bari. Ita ta yarda da tafiyar shekara biyu. Ba a shawarce ta a kan zaman har abada ba. Sarkin Musulmi Umar (R.A.) ya tambayi ƴarsa Hafsatu iyakar abin da mace ke iya jurewa ba mijinta, ya kuma hana a riƙe mayaƙi fiye da wata huɗu zuwa shida, bisa saɓanin ruwaya. Wannan fa ga wanda ya fita jihadi ke nan. Malaman Malikiyya sun ce in miji ya yi nisa shekara guda ko fiye, matar ta kai kuka cewa tana cutuwa kuma tana jin tsoron fitina ga kanta, alƙali zai rubuta masa ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata. In ya ƙi, a yanka masa wa'adi, sannan a raba auren, ko da kuwa kuɗinsa na isowa kowane wata. Kuɗi yana biyan ci da sutura, ba ya biyan kwana. Wayar salula da hoton da ake gani a WhatsApp su ma ba sa biya, sai dai su sa miji ya ji kamar ya zo alhali bai zo ba.

Saboda haka ranar da mutum ya yanke shawarar neman zaman dindindin, kafin ya gaya wa abokai, matarsa ya kamata ya fara gaya wa, a fili, ba da habaici ba: ga niyyata, ga abin da dokar ƙasar ta ba ni dama, ga lokacin da zan iya ɗauko ki, ko kuma ba zan iya ba. Mai mata biyu ya san tun wuri cewa Faransa tun 1993 ba ta ba da katin shekara 10 ga wanda ke zaune da mace fiye da ɗaya a ƙasar, kuma ba a ɗauko mace ta biyu ta hanyar haɗa iyali. To wace za ta je, wace za ta zauna, ina adalcin kwana? In wadda za a bari ta yafe da yardar ranta, haƙƙinta ne, tana iya yafewa. In ba ta yafe ba, riƙe ta da igiyar aure shekara da shekaru, ita ba mai miji ba ita ba bazawara ba, shi ne abin da Suratun Nisa'i ta hana. Haka iyaye tsofaffi. Wani ya zo wa Annabi (S.A.W.) zai yi mubaya'a a kan hijira, ya ce ya baro iyayensa suna kuka, aka mayar da shi ya je ya faranta musu. Wanda ke da ƙannen da za su tsaya wa iyaye, kuma iyayen sun sa masa albarka, hukuncinsa daban da na wanda shi kaɗai suke da shi.

Mu da muke gida ma muna da namu kason. Sau da yawa yaro yana so ya ɗauke matarsa, dangi ne ke hanawa. A baki a ce ana tsoron kada ta lalace a can, ko a ce wa zai yi wa tsohuwa daka. A zuci kuwa an san muddin tana cikin gidan da ƴaƴanta, saƙon ƙarshen wata ba zai yanke ba. An mayar da ƴar mutane jingina. Ita kuma kunya ta hana ta magana, iyayenta su ce ta yi haƙuri tunda ana aiko mata, in ta je wurin liman a ce ta tona asirin gida. Ina kira ga ƴan'uwana limamai da masu unguwanni da waliyyai: in irin wannan mace ta zo, a saurare ta, a kira mijin ta waya a gaban shaidu biyu, a karanta masa zaɓi ukun nan da malamai suka ambata, a sa masa wata da rana. Waliyyin da zai ba da ƴarsa ga mai shirin tafiya kuma yana da damar ya nemi a yi magana a kan tsawon tafiyar tun kafin a shafa fatiha, a gaban waɗanda suka halarta.

Allah Ya tsare matafiyanmu a inda suke, Ya ba waɗanda ke jiransu haƙuri da mafita.